Zoben Jirgin La'asar

Duk wanda ya san ƙaramar tashar jirgin ƙasan nan ta kusa da gada ya san Mai Zobe, ko da bai taɓa jin muryarsa ba. Dogon mutum ne siriri, mai rowar magana, kullum cikin gogaggen kaki wanda ya koɗe har ba a gane asalin launinsa. Zoben da ake kiransa da shi ba na yatsa ba ne. Gora ce aka lanƙwasa ta kewaye, faɗinta ya kai bakin kwando, aka ɗaura mata 'yar jakar fata, a cikin jakar kuma akwai guntun ƙarfe mai hatimi.

Guntun ƙarfen nan shi ne hanya. Layin dogon ɗaya ne tilo, jirgin da ya fito daga sama da wanda ya fito daga ƙasa duk a kansa suke bi. Saboda haka tun zamanin da aka shimfiɗa shi aka kafa doka: daga wannan tasha zuwa ta gaba, direba ba ya shiga sai da ƙarfen a wurinsa, kuma akwatin da ke ajiye su ba ya sakin biyu a lokaci guda. Wanda ke riƙe da shi, hanya tasa ce. Wanda ba shi da shi, ko shi ya ƙera jirgin, tsayawa zai yi.

Tashar ba ta kai a tsaya mata ba, rage gudu kawai ake yi. Mai Zobe zai fito daga ɗakin aiki, ya hau dakalin siminti da ke bakin layi, ya ɗaga zoben daidai tsayin taga. Direba ya leƙo, ya yar da zoben da ya taho da shi daga tashar baya, ya zura hannu cikin sabon, ya wuce. Kafin ka ƙifta ido an gama. In kuwa direba ya kuskure, hannunsa bai shiga ba, to babu wata dabara: ya taka birki, ya sauko, ya tako da ƙafarsa ya karɓa, a kuma buga waya a sanar da manya cewa ya tsayar da jirgi. Direbobi sun fi ƙin wannan da ciwon haƙori, don ban da faɗan manya, har mutum ya bar aiki abokai ba za su daina tsokanarsa ba.

Da tsakuwa Mai Zobe ya fara. Yana saurayi aka ɗauke shi lebura, yana dakon ta a ka yana cusawa ƙarƙashin katakan dogo. Daga nan aka ba shi juya layi, daga juya layi aka ba shi ɗakin aiki, da jan akwatin ƙarfen, da wayar tarho irin wadda sai an murza hannunta kafin ta yi magana. A nan ya tsaya, bai ƙara gaba ba, bai kuma nema ba. Layin ya tsufa a kan idonsa. Katako ya ruɓe, gara ta ci rabonta, dogo ya karkace, jirgin safe ya koma zuwa da rana tsaka, wani lokaci ma sai washegari. Shi dai ko jirgi zai yi lattin kwana guda, a kan dakali zai tarar da shi cikin gogaggen kakinsa. Mutane suna cewa mutumin kirki ne, suna kuma cewa ba shi da daɗin sha'ani, kuma duka biyun gaskiya ne. Irin mutanen nan ne da in ka ce su kau da kai a kan ƙaramin abu, sai su dube ka kamar ka aike su sata.

Gidansa na bayan tashar, ɗaki biyu da tsakar gida, an yi masa shinge da tsofaffin katakan dogo. A nan matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta haifa masa mata uku da namiji ɗaya. Matan suka yi aure suka watse. Namijin ya shiga aikin jirgi, ya daɗe yana mataimaki, har aka ba shi kujerar direba. Ranar da ya fara ratsa tashar da jirgi a hannunsa, Inna ta ce Mai Zobe ya ci abinci har ya nemi ƙari, abin da ba halinsa ba ne.

Abin da ya raba su, da a gidan wasu ne, da ko mako ba zai yi ba. Sabon direba ne da jinin ƙuruciya, ga tashar da ya tashi a cikinta, ga 'yan unguwa a bakin layi suna kallo. Wata la'asar ya shigo da gudun da ya wuce ƙa'ida, ya fizgi zoben har uban ya yi tangal-tangal a kan dakali. Ba abin da ya faru, jirgi ya wuce lafiya ya isa lafiya. Amma gaban tashar akwai kwana, ga ruɓaɓɓen katako, ga taragai cike da mutane. Mai Zobe ya sauko, ya kakkaɓe kakinsa, ya shiga ɗaki ya murza waya, ya faɗi abin da ya gani yadda zai faɗa a kan kowane direba. Aka sauke yaron daga kujera, aka mayar da shi mataimaki, na bayansa suka wuce shi.

Ya zo gida ranar hutunsa, ya samu uban a tsakar gida yana gugar kaki.

"Baba, da ka kira ni gida ka yi min faɗa. Ko dukana ka yi, ba wanda zai ji."

"A gida ka yi gudun?"

Sai yaron ya faɗi abin da bai kamata ya faɗa ba. "Ashe dai ba ni da uba a tashar nan, ma'aikaci kawai ne."

Zuciya ta ɗebi Mai Zobe. "To tunda ma'aikaci ne, me ka zo yi gidan ma'aikaci? Kada ka ƙara tako min nan. Mu haɗu a wurin aiki."

Yaron ya tashi ya fita, ya kuma bi maganar ubansa sau da ƙafa, irin biyayyar nan da ta fi rashin kunya ciwo. Shi yana jiran a janye magana, uban yana jiran a zo a ba shi haƙuri. Inna ta yi kuka, ta yi lallashi, ta turo ƙannen mijin, ta turo dattawan unguwa, duk a banza. Daga baya ta ce ita ta gaji, Allah ya haɗa ta da kututture biyu, ta auri ɗaya ta haifi ɗaya. Ita takan hau mota ta je birni ta ga jikoki, ta dawo ta ba da labarinsu da ƙarfi tana fuskantar kaji, don mai gidan ya ji ba tare da ya tambaya ba. Shi kuwa ko sunan yaron ya daina kamawa. Da aka mayar wa yaron kujerarsa bayan wasu shekaru, aka ba shi jirgin da ke ratsa tashar da la'asar, sai uban ya samu abin kiransa. In dole ta sa ya ambace shi, "direban jirgin la'asar" yake cewa, kamar wani baƙo.

Mu haɗu a wurin aiki, ya ce, kuma a wurin aikin suka yi ta haɗuwa. Ƙiftawar idon nan ta miƙa zobe ita ce duk abin da ya rage masa na ɗansa, kuma ya iya tattalinta. A cikinta ya ga damtsen yaron ya yi kauri. A cikinta ya ga ranar da ya fara sa tabarau, da shekarar da furfura ta fito masa a gefen kunne. In ya koma gida, Inna tana jiransa da tambaya.

"Malam, ya wuce?"

"Jirgi ya wuce."

"Ni jirgi na haifa? Ya rame ne, ko yana nan yadda yake?"

"Ina na sani? Aiki nake yi, ba kallon mutane ba."

Zai wanke hannu, ya jawo kwano, ya ci rabi. Sai can ya ce, kamar da kwanon yake magana, "Akwai bandeji a wuyan hannunsa. Na hagu. In kin je ki tambaya."

Wurin da gorar ke bugun damtsen direba ya naɗe shi da tsumma mai laushi, ya ce don direbobi ne duka. Amma zoben da naɗinsa ya fi kauri, ranar jirgin la'asar kaɗai yake sauka daga ƙusa. Direban shi ma bai ƙara shigowa da gudu ba. Yakan rage fiye da kowa, ya zura hannu a hankali, idonsa a kan layi, bai taɓa juyowa ya dubi mai miƙowa ba. Sauran direbobi jefa tsohon zoben suke yi duk inda ya faɗa, wani lokaci sai an shiga ciyawa nema. Shi kuwa a gindin dakali yake sakin nasa, inda dattijo ba sai ya wahala ba. Kuma bai taɓa kuskure zobe ba ko sau ɗaya, har ana kafa misali da shi wurin sababbin direbobi. Mai Zobe ya ji wannan labarin a waya, ya ce, "To," ya ajiye kan wayar, ya share ɗakin aiki wanda ya riga ya share.

Ana nan sai gyara ya zo. An daɗe ana cewa zai zo, har ya zama abin ba'a a unguwar: in mutum ya yi maka alkawarin da ba zai cika ba, sai ka ce ka gane, sai an gyara dogo ke nan. Wata safiya sai ga manyan injuna rawaya, da motocin tsakuwa, da leburori masu hular kwano. Suka riƙa ɗaga tsohon layi gaɓa-gaɓa a tsakanin wucewar jirage, suna zare katakan da wasu ko hannu ka sa sai su marmashe, suna jera na kankare a madadinsu. Aka kawo sababbin dogaye aka haɗa su da walda, babu tsaga a tsakani, saboda haka ƙwanƙwasar nan da jirgi ke yi tun daga nesa ta ɓace. Aka miƙe kwanar gaban tasha. Aka haƙa rami a gefen layi aka binne wayoyi, aka kakkafa turaku masu fitilu, aka rufe kawunansu da buhu kafin ranar kunnawa.

Masu cewa na da ya fi, galibi su ne waɗanda ba su taɓa kwana a daji cikin tarago ba don dogo ya buɗe. Mai Zobe ba ya cikinsu. Ya taya ɗaga taragon da ya sauka daga layi ba sau ɗaya ba, ya kuma ga abin da ake fitarwa daga ciki. Ya yi murna da gyaran, murna ta gaskiya. In leburori sun tashi, yakan sauka ya taka sabuwar tsakuwar, ya duba yadda aka cusa ta, ya gyaɗa kai.

Injiniyar da ke kula da ɓangaren mace ce, ba za ta wuce sa'ar autarsa ba, mai farar hular kwano da takalman da suka fi ƙarfin ƙafarta. Tana ganin girmansa, takan zauna a bencin ƙofar ɗakin aiki ta sha ruwa daga tulunsa. Ita ya tambaya game da turakun.

"Fitilun danja ne, Baba. Daga birni za a riƙa sarrafa su. Direba ya ga kore ya wuce, ya ga ja ya tsaya. Ko ya ƙi tsayawa, jirgin da kansa zai taka birki."

"Madalla. Zoben fa?"

"An gama da zobe, Baba. Ka huta. Ba sauran tsayuwa a rana da ruwan sama."

"To ba zai rage gudu a nan ba ke nan."

"Me zai sa ya rage? Kafin ka ɗago kai ya haye gada."

Ya dubi layin, ya ce, "Sabon kan jirgin, tagarsa tana buɗewa?"

Ta yi dariya, ta zaci don zafi yake tausaya wa direbobi. "Akwai sanyi a ciki, Baba. Gilashi ne mai duhu, a rufe yake. Su suna ganin waje, na waje ba ya ganinsu."

"Allah ya sa albarka," in ji shi.

Ta ce in yana so za ta roƙa a bar masa zobe ɗaya ya rataye a ɗaki. Ya yi godiya, ya ce kayan hukuma ne.

Tare da kunna fitilun za a sallame shi ya huta, kuma wannan bai dame shi ba, gwiwoyinsa sun daɗe suna neman hutun. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Jirgi zai ci gaba da wucewa ta bayan gidansa, ɗansa yana ciki a bayan gilashi, shi kuma ba zai ƙara ganin ko damtsensa ba. Tsoro yake ji ya mutu a haka. Ya rage cin abinci, ya rage magana, wadda da ma ba ta da yawa.

Ana gobe jirgin la'asar zai yi wucewarsa ta ƙarshe da zobe, Inna tana wanki a tsakar gida, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Malam, gobe ka riƙe abinka. Kada ka ɗaga. Ai kai ka ce ko wane ne sai ya tsaya."

"In tsayar da jirgi da mutane a ciki don maganar gida?"

"Jirgin da ya saba kwana a hanya, don ya ɗan tsaya sai duniya ta tashi?"

"Ni da na kai shi ƙara don ya karya doka, ni zan karya don in gan shi? Da wane ido zan dube shi?"

"Da idon da kake leƙen bandejinsa." Ta matse rigar da ke hannunta har ta yi ƙara. "Kai dai ka sani. Rungumi dokarka, in ka kwanta ciwo ta zo ta duba ka."

Abin da Inna ba ta sani ba, ba ita ta fara wannan tunanin ba. Kowace la'asar da ya hau dakali cikin shekarun nan, ya san in ya sauke hannu kawai, ɗansa zai sauko ya tako har gabansa. Kuma kowace la'asar ɗaga hannun yake yi.

Washegari ya goge kakinsa fiye da kullum. Da ƙararrawa ta buga daga tashar baya, ya zaro ƙarfen daga jan akwati, ya sa a jaka, ya sauko da zoben nan mai kaurin naɗi. Injiniya tana zaune a benci, leburori suna ɗora sauran kayansu a mota. Ya hau dakali. Sabon layi ba ya ƙwanƙwasa, sai kawai ya hangi kan jirgin ya fito daga bayan itatuwa yana rage gudu. Hannunsa ya yi masa nauyi. Ya ɗaga ya kai rabi, ya tsaya. Sannan ya ƙarasa ɗagawa, daidai tsayin taga, yadda ya saba.

Tsohon zoben ya faɗo a gindin dakali. Mai Zobe ya jira hannun da zai shigo, amma hannu bai fito ba. Direba ya juyo ya dube shi ido cikin ido, hannuwansa duka biyu a ciki, kan jirgi ya wuce, zobe yana nan a sama a hannun mai shi. Sai ga kukan birki. Taragai suka yi ta gogawa a gabansa a hankali, har jirgin ya tsaya cak a wajen tankin ruwa. Kawuna suka fito ta tagogi ana tambayar lafiya, wani yana cewa ashe gyaran ma na banza ne.

Direba ya sauko, ya tako ta kan sabuwar tsakuwa. Shekara da shekaru daga ƙirji zuwa sama kawai Mai Zobe yake ganinsa. Bai san ya yi tumbi ba. Bai san yana ɗan jan ƙafar dama in yana tafiya ba, yadda kakansa yake yi a da. Ya iso gindin dakali, ya cire hula, ya durƙusa.

"Baba, ina wuni."

Mai Zobe ya dube shi daga kan dakali. Da ƙyar ya ce, "Lafiya."

"Na kuskure zobe."

"Na gani."

Sai a lokacin ya tuna hannunsa yana sama, ya sauke. Ya sauko daga dakali ya miƙa zoben, direba ya kama da hannu biyu, kuma na ɗan lokaci ba wanda ya saki a cikinsu.

"Ka san sai na buga waya."

"Na sani, Baba. Ka buga."

"Tashi, mutane suna jira." Ya saki zoben. Direba ya miƙe, ya juya, ya yi taku kaɗan, sai uban ya ce da bayansa, "Yaushe kake hutu?"

"Jibi, Baba."

"Gidan yana nan inda ka san shi. Ka taho da yaran."

"To, Baba."

Ya koma da sassarfa, ya hau, jirgi ya yi kuka ya tashi. Injiniya, wadda ta miƙe tsaye tun kukan birki, ta dubi fuskar dattijon, ta koma ta zauna. A bakin shinge kuwa Inna ce tsaye da mayafinta na fita unguwa, wai kaji take kora, alhali kajin suna can bayanta suna kiwonsu. Ko ita ta tsegunta wa yaron wani abu, har yau ba ta amsa ba. In an tambaye ta sai ta ce ita me ta sani a harkar jirgi.

Mai Zobe ya ɗauki tsohon zoben daga gindin dakali. Da ɗumin hannun ɗansa a jikinsa, kamar kullum. Ya shiga ɗakin aiki ya rataye shi, ya murza waya.

"Jirgin la'asar ya tsaya a tashata. Direba ya kuskure zobe, ya sauko ya karɓa, ya wuce."

Na can ɗin, wani sabon ma'aikaci ne a birni, ya yi dariya. "Sai a ranar ƙarshe? Wane direba ne wannan, Baba?"

Mai Zobe ya gyara murya. "Ɗana ne."

Wayar tsohuwa ce, tana ta ƙara, na can ya ce a sake faɗa. Mai Zobe ya matso da bakinsa, ya sake faɗa da ƙarfi, har Inna ta ji daga bakin shinge.